Gyambon Kwanciya a Jikin Tsohon da Aka Ce Ba Ya Cikin Haɗari: Yadda Ake Gano Shi da Wuri

A gidajen kula da tsofaffi, hankalin ma'aikata yakan tafi ne ga wanda ke kwance, ba ya iya juya kansa. Shi ake sa wa katifa ta musamman, shi ake juyawa dare da rana, shi ake ajiye wa takardar lura a gefen gado. Wanda kuwa ke tashi da kansa, ya ci abincinsa, ya dogara sanda zuwa banɗaki, sai a sa shi a sahun waɗanda ba su da matsala. A jikin irin wannan mutum ne gyambon kwanciya, wato ciwon da doguwar dannewar fata da nama ke jawowa, kan yi nisa kafin a farga, domin babu mai neman sa a wurin. Idan kuma fatarsa baƙa ce, abin ya ƙara wuya, saboda alamar farko da aka koya wa yawancin ma'aikata, wato jan tabo, ba ta fitowa a jikinsa yadda littafi ya faɗa.

Abin da lambar haɗari take nufi, da abin da ta bari

Ma'aunin haɗarin gyambon kwanciya da aka fi amfani da shi shi ne na Braden, wanda Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka fitar a Amurka a 1987. Yana duba abubuwa shida: ko mutum yana jin zafi da matsi a jikinsa, yawan jiƙewar fata, yawan tashi da tafiya, iya sauya kwanciya, cin abinci, sai gogayya da zamewa a kan shimfiɗa. Biyar na farko ana ba su maki 1 zuwa 4, na ƙarshe 1 zuwa 3. Jimilla tana kamawa daga 6 zuwa 23, kuma ƙaramar lamba ita ce babban haɗari. Daga 9 zuwa ƙasa haɗari ne mai tsanani, 10 zuwa 12 babba, 13 zuwa 14 matsakaici, 15 zuwa 18 kaɗan, 19 zuwa sama kuma ana ɗaukar mutum ba ya cikin haɗari.

Matsalar tana cikin jimillar. Ku ɗauki tsohuwa mai tafiya da ƙafarta, mai cikakken hankali, amma ba ta iya riƙe fitsari, kullum a jiƙe take. Za ta iya samun 4 a ji, 4 a tafiya, 4 a motsi, 3 a abinci, 3 a gogayya, 1 a jiƙewa. Jimilla 19, wato takarda ta ce lafiya lau, alhali fatar mazaunanta tana laushi tana shirin tsagewa. Saboda haka kada a tsaya ga jimilla. A duba kowane sashe shi kaɗai, duk inda maki ya sauka zuwa 1 ko 2 a yi masa tanadi ko da jimillar ta yi kyau.

Akwai kuma abubuwan da ma'aunin bai tambaya kai tsaye ba: ciwon suga, toshewar hanyoyin jini na ƙafa, tsohon gyambon da ya warke, da na'urorin da ke manne a jiki. Wurin da ya taɓa yin gyambo mai zurfi ba ya komawa da ƙarfinsa na da, tabo ne ya cike shi, kuma shi ne kan fara buɗewa. Duk mai irin wannan tarihi a kula da shi tamkar mai haɗari, komai lambar da ya samu.

Lambar kuma ta ranar da aka auna ce. Mutumin da ya samu 20 a watan jiya zai iya komawa 13 cikin dare biyu na zazzaɓi. A auna shi ranar da ya shigo gidan, cikin awannin farko, sannan duk mako na tsawon makonni huɗu, domin makonnin farko ne suka fi kawo matsala. Bayan haka a riƙa maimaitawa aƙalla duk wata uku. Abin da ya fi wannan jadawali muhimmanci shi ne a sake aunawa nan take idan wani abu ya sauya: zazzaɓi, ciwon huhu, ciwon mafitsara, gudawa, faɗuwa, dawowa daga asibiti, sabon maganin barci ko na kwantar da hankali, ɗorin karaya, ko baƙin cikin da ya sa mutum ya daina fita daga ɗaki. Wanda ya dawo daga asibiti a duba shi daga ƙeya zuwa diddige a ranar, saboda wataƙila ya daɗe a kan gadon tiyata ko gadon turawa mai tauri, kuma ɓarnar da ta faru a cikin nama takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ta nuna a fata.

Dalilin wannan jinkiri shi ne sau da yawa ɓarnar tana farawa ne daga ciki, inda tsoka ta matsu tsakanin ƙashi da shimfiɗa. Tsoka ba ta jure rashin jini kamar fata. Kafin sama ta nuna, ƙasa ta riga ta lalace.

Yadda ake duba fata

Lokacin wanka ko sauya tufafi ne ya fi dacewa, don ba sai an tuɓe mutum sau biyu ba. A nemi izininsa, a gaya masa abin da ake nema, a rufe ƙofa, a buɗe sashe ɗaya a rufe sauran jiki. Tsofaffi da yawa masu wanka da kansu ba sa son a ga tsiraicinsu, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa gyambonsu ya ɓuya. Idan mace ta fi sakewa da ma'aikaciya mace, ko namiji da namiji, a shirya hakan. Dubawar da aka yi a gurguje saboda kunya ba ta gano komai.

Wuraren dubawa su ne inda ƙashi ke kusa da fata: ƙeya, bayan kunnuwa, allon kafaɗa, gwiwar hannu, ƙasan gadon baya daidai saman tsagar mazaunai, ƙasusuwan da ake zama a kansu, gefen katara, tsakanin gwiwoyi, idon sawu, diddige da yatsun ƙafa. Ƙasan baya da diddige su ne kan gaba. A cire safa gaba ɗaya, a ɗaga ƙafa a kalli bayan diddige, in ya yi wuya a sa ƙaramin madubi.

A farar fata, gwajin da aka saba shi ne a danna jan wurin da yatsa na daƙiƙa uku a saki. Idan ya yi fari sannan jan ya dawo, jini na gudana. Idan ya ƙi sauyawa, gyambo ya fara, mataki na farko ke nan. Jan da ya biyo bayan kwanciya kawai yakan gushe cikin kusan rabin awa bayan an ɗauke nauyi daga wurin.

A baƙar fata wannan gwaji bai isa ba, sau da yawa ma ba ya nuna komai. Ido kaɗai ba zai yi aikin ba, sai an haɗa da hannu. A fara da haske: a buɗe labule ko a kawo fitila mai ƙarfi, domin farin hasken dogon ƙwan lantarki yakan ɓoye bambancin launi a fata mai duhu. A goge wurin da ɗan ruwa ko mai kaɗan, saboda furfurar bushewa tana rufe launi. Sannan a kwatanta shi da takwaransa na ɗaya ɓangaren, diddigen dama da na hagu, katarar dama da ta hagu. Abin da ake nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko launin makuba, ko ya yi sheƙi kamar an ja fatar. Wani lokaci ma haske yake yi ko toka-toka.

Daga nan sai taɓawa. A ɗora bayan yatsu a wurin, sannan a kan lafiyayyar fata kusa da shi. Wurin da ya fara lalacewa yakan fi ɗumi da farko, daga baya idan nama ya fara mutuwa ya koma sanyi. A ɗan matsa a hankali: ya yi tauri kamar akwai dunƙule a ƙasa, ko ya yi taushi fiye da kima kamar an tara ruwa? Duka biyun alama ce. A ƙarshe a tambayi mai jikin. Zafi, raɗaɗi ko ƙaiƙayi a kan ƙashi yakan riga duk wata alama ta ido. Tsohon da ya ce diddigensa na yi masa zafi da dare, a yarda da shi ko ba a ga komai ba, a ɗauke nauyi daga wurin tun ranar.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2011 ya duba mazauna gidajen kula da tsofaffi na Amurka masu babban haɗari. A 2003, kashi 16.8 cikin ɗari na baƙaƙen fata suna da gyambon kwanciya, fararen fata kuma kashi 11.4. Zuwa 2008 duka sun ragu, zuwa 14.6 da 9.6, amma tazarar tana nan. Wani ɓangare na bambancin ya danganci irin gidajen da mutane ke zaune, domin gidajen da baƙaƙen fata suka fi yawa a cikinsu sun fi fama da matsalar. An kuma sha lura cewa a baƙar fata ba a cika kama gyambo a matakin farko ba, sai ya riga ya buɗe. Baƙar fata ba ta fi rauni ba, ganowa ce ke zuwa a makare. Shi ya sa ya kamata a rubuta ainihin launin fatar kowane mutum ranar da ya shigo, da tabban da yake da su tun asali, don mai dubawa gobe ya san abin da ya sauya.

Waɗanda sukan kuɓuce wa ido

Mai ciwon suga na iya tafiya da ƙafarsa amma ba ya jin abin da ke faruwa a tafinta. Takalmi ya matse shi wuni guda bai sani ba. A duba ƙafafunsa kullum, a sa hannu cikin takalmin a laluba ko akwai ɗinki mai tauri ko tsakuwa. Idan ƙafar na da sanyi, gashinta ya zube, ko ba a jin bugun jini a bayanta, a sanar da likita, don gyambon diddige a ƙafar da jini bai isa ba yana da wuyar warkewa.

Mai wuni a kujera ko keken marasa lafiya shi ma ana yawan ɗaukar sa mai ƙarfi ne tunda ba ya kwance. Amma zama ya fi kwanciya tara nauyi a ƙaramin wuri, kusan duk nauyin gangar jiki yana kan ƙasusuwa biyu na mazaunai. Wanda barci ke kwashewa a kujera bayan cin abinci, ya zame gaba, ya yi awa uku a haka, yana cikin haɗari ko da yana iya miƙewa.

Ramamme ba shi da naman da zai kare ƙashi. Mai ƙiba kuma nasa yakan fito a cikin ninkin fata, ƙarƙashin ciki ko nono, ko a gefen cinya inda hannun kujera ya matse shi, kuma ƙiba ba ta hana mutum rashin abinci mai gina jiki. Mai ciwon mantuwa ba zai ce yana jin zafi ba, sai dai a ga yana ƙin zama, yana ɓata fuska idan an taɓa shi, ko ya fara faɗa lokacin sa takalmi. Wanda ba ya jin harshen ma'aikata ma haka ne, a nemo mai fassara ko a roƙi danginsa su tambaye shi.

Matakan kariya

A gado, kada a ɗaga ɓangaren kai ya wuce digiri 30 sai lokacin cin abinci ko idan numfashi ya tilasta. Da zarar ya wuce haka, jiki yana zamewa ƙasa, fata ta maƙale a zanen gado, ƙashi ya ja nama ta ciki, ƙananan hanyoyin jini su lanƙwashe. In dole ne a ɗaga kai, a fara ɗaga wajen gwiwa kaɗan don ya tare zamewar. Kwanciyar gefe kuma a karkace ake yin ta, kusan digiri 30, da matashi a bayan mutum da wani tsakanin gwiwoyinsa. Kwanciya sosai a kan gefe tana ɗora nauyi duka a kan ƙashin katara.

Mai iya juyawa da kansa ba ya bukatar a tashe shi duk awa biyu, hakan hana shi barci ne kawai. Abin da ake bukata shi ne ma'aikacin dare ya lura ko yana juyawar da gaske. Idan an leƙa sau uku an same shi yadda aka bar shi, to a daren ya shiga sahun waɗanda ake juyawa. Tazarar juyawa tana tsakanin awa biyu zuwa huɗu gwargwadon katifa da yanayin fatarsa. A kan katifar soso mai inganci ta asibiti ana iya kaiwa awa uku ko huɗu idan fata na nan lafiya, a kan katifa ta yau da kullum kuwa a tsaya ga awa biyu. Wajen gyara masa kwanciya a ɗaga shi da zane, mutum biyu, kada a ja shi.

Katifa da matashin kujera suna mutuwa. A sa tafin hannu ƙarƙashinsu daidai inda ƙashi yake yayin da mutum ke kai. Idan abin da ya rage tsakanin hannu da jikinsa bai kai santimita biyu da rabi ba, sun gama aiki, a sauya.

Diddige ba ya son komai a ƙarƙashinsa. A shimfiɗa matashi ta tsawonsa ƙarƙashin sharaɓa, daga ƙasan gwiwa zuwa saman idon sawu, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, diddige ya rataya a iska har a iya zura hannu ta ƙasa. Matashin da aka dunƙule a ƙarƙashin agara kaɗai yana mayar da matsin can ne.

A kujera, mai iya motsi a koya masa ya riƙa sauya nauyi duk minti 15, ya karkata dama, ya karkata hagu, ko ya sunkuya gaba. Wanda ba ya iyawa kada ya wuce awa biyu a zaune ba tare da an tashe shi ba. Ƙafafunsa su taka ƙasa ko matakin keke, don ƙafar da ke lilo tana jan jiki gaba. Matashi mai rami a tsakiya kamar zobe a daina amfani da shi kwata-kwata, yana matse kewayen wurin ya hana jini shiga.

Jiƙewa tana bukatar saurin hannu. A sauya kunzugu da zarar ya ɓaci, a wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan da abin wanki marar ƙarfi, a tsane da dannawa ba da gurzawa ba, a shafa man kariya irin mai sinadarin zinki, siriri yadda za a iya ganin fata ta ƙarƙashinsa. Kada a jera kunzugu biyu ko a tara ledoji a kan katifa, suna riƙe zafi da gumi, suna kuma kashe amfanin katifar. Kuma a bambanta: ciwon da fitsari ke yi wa fata yakan bazu ne, ba shi da tsayayyen gefe, yana bin ninkin fata, gyambon kwanciya kuwa yana zaune a kan ƙashi da iyaka bayyananna.

Wani kuskure da ya daɗe a aikin jinya shi ne murza wurin da ya canza launi, wai don jini ya gudana. Naman da ke ƙasa ya riga ya raunana, murzawa ƙara yaga shi take yi. Haka shafa barasar asibiti, busar da fata kawai take yi.

Duk abin da ke manne a jiki a ɗaga shi a duba ƙarƙashinsa aƙalla sau biyu a rana: robar iskar oksijin a bayan kunne da hanci, robar fitsari da ke shiga ƙarƙashin cinya, safar matse ƙafa da ta naɗe, takalmin gyaran ƙafa, har da tabarau da na'urar ji. Irin wannan gyambo yakan ɗauki siffar abin da ya jawo shi.

Game da abinci, a auna nauyi duk wata, duk mako ga wanda ake shakka. Raguwar kashi 5 cikin ɗari a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata shida, alama ce ta a kira masanin abinci. Ga wanda ke cikin haɗari kuma abincinsa ya gaza, abin da ake nufa a rana shi ne kalori 30 zuwa 35 da furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan yana bukatar kalori 1,800 zuwa 2,100 da furotin giram 72 zuwa 90. Ruwa kusan mililita 30 ga kowane kilo, sai dai mai ciwon zuciya ko ƙoda, wanda likita ne zai yanke masa adadin ruwa da furotin. A kuma duba abin da ya rage a kwano, a nemi dalili: haƙoran roba da suka yi sako-sako, ciwon baki, wahalar haɗiya, ko hannun da ke rawa.

Idan an ga alama

Abu na farko, a ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya, kada a sake kwantar da shi a kai. A sanar da nas mai kula a ranar, a sake auna haɗarinsa, a gano abin da ya jawo, ko kujera ce, ko takalmi, ko zamewa a gado. In ba a cire dalilin ba, babu maganin da zai yi aiki.

A rubuta matakin daidai. Na 1, fata ba ta fashe ba amma launi, ɗumi ko tauri ya sauya. Na 2, saman fata ya saɓule, wurin ja ne mai danshi, ko bororo mai farin ruwa. Na 3, fata ta huje har ana ganin kitse. Na 4, ana ganin tsoka, jijiya ko ƙashi. Idan mataccen nama ko baƙin ɓawo ya rufe ƙasan, ba a iya sa masa mataki sai an share. Akwai kuma ɓarnar cikin nama, wadda ke fitowa da launin makuba ko ja mai duhu ko bororo mai jini, kuma tana iya buɗewa ta zama rami cikin 'yan kwanaki duk da kulawa. A baƙar fata ita ce aka fi ɗauka tabo ne ko ƙujewa. Gyambo mai warkewa ba a mayar da shi baya a lissafi, na 4 yana nan na 4 mai warkewa.

A auna tsawo daga wajen kai zuwa wajen ƙafa, faɗi daga gefe zuwa gefe, da zurfi, duka da santimita, duk mako, mutum yana kwance iri ɗaya kowane lokaci. A wanke da ruwan gishiri na asibiti ko ruwa mai tsabta, a rufe da abin da zai bar cikin gyambon da danshi, kewayensa a bushe. Baƙin ɓawo busasshe a diddige, wanda ba ya ruwa, ba ya wari, ba ya motsi, kada a jiƙa shi ko a ɓamɓare, a rataye diddigen a riƙa duba shi kullum har likita ya gani.

Idan mako biyu suka wuce babu alamar sauƙi, a sake duba tsarin gaba ɗaya. Mugunya, wari, ƙaruwar zafi, kumburi ko ɗumi da ke bazuwa, zazzaɓi, ko ruɗewar da ta zo farat ɗaya, duk suna bukatar likita a ranar. A tsofaffi ruɗewa da kasala sukan riga zazzaɓi, wani lokaci ma zazzaɓin ba ya zuwa sam, alhali ƙwayoyin cuta sun shiga jini ko ƙashi.

Shugabannin gida kuma su riƙa duba alƙalumansu duk wata ta hanyar rarrabewa: a wane mataki aka fara ganin kowane gyambo, wace lamba mai shi yake da ita kafin nan, kuma mene ne launin fatarsa. Idan ya bayyana cewa na masu farar fata ana kama su a mataki na 1, na masu baƙar fata kuma sai a na 2 ko na 3, to a sake horar da ma'aikata a bakin gado, da fitila da hannu, a kuma tabbatar hotunan da ake koyarwa da su sun ƙunshi kowane launin fata.